Kalmar Baƙo da ta Ɗan Gari a Turanci

A daidaitaccen Turanci, "stay" kalmar baƙo ce, "live" kuwa ta mazaunin gari. Ɗan Gwarzo da ya je biki Kabo, ya sauka gidan kawunsa kwana biyu, cewa zai yi "I am staying with my uncle in Kabo". Mutum ake haɗawa da "with", gari da "in", masauki kuma da "at". In aka tambayi inda gidansa yake, amsar ita ce "I live in Gwarzo".

A Najeriya an saba jin "Where do you stay?" da nufin ina gidanku. A hira wannan ba abin kunya ba ne, har mutanen Sikotilan haka suke faɗa. Amma ɗalibin da zai rubuta wasiƙa a jarrabawar WAEC gara ya rarrabe kalmomin biyu.