Odar injin jirgin ruwa: in ta yi kuka, in ta yi shiru

Ƴan'uwa masunta da masu fito, daga Ayoru zuwa Yamai har Gaya, yau zancenmu a kan oda ne, wato ƴar ƙahon nan da ke kuka idan injin jirgi ya ɗauki zafi. Ba kowane inji ke da ita ba. An fi samunta a manyan injina masu makulli da batir. Waɗansu kuwa jar fitila suke kunnawa, ko su rage gudu da kansu.

Injin jirgi da ruwan kogi yake sanyaya jikinsa. Wata ƴar farfelar roba ce ke tsotso ruwan daga ƙasa, ta tura shi sama. Leda, kainuwa ko laka na iya toshe ƙofar ruwan. Rairayi kuma yana cin robar, musamman daga Afirilu zuwa Yuni, lokacin da kogi ke janyewa. Dattawa ba su manta da Yunin 1985 ba, sa'ad da ruwa ya daina gudu a Yamai. In ruwa ya yanke, fistan zai kumbura ya maƙale. Inji ya mutu ke nan, wataƙila a tsakiyar kogi, da mata da yara da buhunan shinkafa cikin jirgi.

Sha'anin odar ba shi da wuya. Waya biyu gare ta. Ta farko tana kawo wuta daga makulli. Ta biyu tana tafiya zuwa kan inji, inda aka dasa wani ɗan ƙarfe mai jin zafi. Idan zafi ya kai iyakarsa, galibi tsakanin digiri 80 da 100 bisa ga irin injin, ƙarfen sai ya haɗa wayar da jikin inji, abin da makanikai ke kira mas. Nan take oda ta yi kuka. A injin Yamaha wayar nan ruwan hoda ce, a Johnson da Evinrude ruwan ƙasa-ƙasa ce.

Idan oda ta yi kuka kuna cikin tafiya, ku gaskata ta tukuna. Ku rage wuta, ku dubi ɗan tsirkiyar ruwan da ke fita ta bayan inji. In babu shi, ko ya yi rauni, ku kashe inji, ku ɗaga ƙafarsa, ku share ƙofar ruwa.

Amma akwai oda mai ƙarya: inji da sanyinsa, da murɗa makulli sai ta kama kuka ba fasawa. Ku zare wayar daga ƙarfen mai jin zafi. In ta yi shiru, ƙarfen ne ya lalace, sai a sake shi. In ba ta yi ba, wayar ce ta goge a wani wuri tana taɓa jikin inji. Ku bi ta da yatsa sannu sannu, musamman inda ta lanƙwasa ko inda murfi ke danne ta. Ku sani kuma, a injinan da ke da tankin mai daban, odar nan ɗaya ce ke kuka idan mai ya yi ƙasa. A duba tankin kafin a zargi waya.

Abin da ya fi tada mana hankali shi ne oda mai shiru, domin mai jirgi ba ya sanin ta mutu sai ranar da inji ya ƙone. Gwajinta ba ya ɗaukar minti 5. Jirgi na ɗaure a gaɓa, giya a sake, ku murɗa makulli ba tare da tada inji ba. Ku zare wayar nan, ku taɓa bakinta ga ƙarfen inji, wurin da babu fenti. Oda mai lafiya za ta amsa. In ba ta amsa ba, ku fara da fizibil da kawunan batir. Sannan ku sa ƙwan fitila na bolt 12 mai waya biyu, ɗaya a wayar makulli, ɗaya a mas. In ƙwai ya kama, wuta na isowa. Sai ku haɗa odar kai tsaye da batir: in ta yi shiru a nan ma, ita ce ta mutu, in ta yi kuka, wayar kan inji ce ta tsinke. Sau da yawa laifin bai wuce koren tsatsa a mahaɗar waya ba. A kankare shi, a shafa ɗan giris, a matse.

Muna ganin waɗansu suna datse wayar don kukan ya dame su, wasu ma makaniki ne ke ba su shawarar. Ba mu yarda da wannan ba. Kuɗin oda da ƙarfenta ba su kai kusa da na fistan ba.

Ku yi gwajin nan sau ɗaya a wata, ku sake farfelar roba sau ɗaya a shekara. Kada ku tada inji a tudu don gwaji: in babu ruwa, robar na ƙonewa kafin minti guda.