Inji ba ya mutuwar fuju'a

Tun da aka ba kamfanin Daewoo kwangilar gyaran matatar mai ta Kaduna a 2023 kan kimanin dala miliyan 740, abin da ake ta faɗa shi ne matatar da aka buɗe tun 1980 ai tsufa ya cim mata. Wannan rabin magana ce. Inji ba ya mutuwar fuju'a. Yakan daɗe yana kuka, masu shi ne ke toshe kunne.

Je ka Hunkuyi ko Makarfi lokacin dafa mazarƙwaila. Za ka ga mai injin matse rake ya dafa bakin sukundireba a gidan boris, ya kara ƙotar a kunne, ya ce wa yaronsa, "Kashe, boris ya kusa tafiya." Abin da ya saurara shi ne jijjiga, kuma a kanta aka gina fanni guda na ilimin injiniya.

A 1880 'yan'uwa biyu a Faransa, Pierre da Jacques Curie, suka gano cewa akwai duwatsu masu ƙyalli da ke fitar da lantarki idan an matse su. Da wannan ilimi ne kamfanin Brüel & Kjær na Denmak ya ƙera na'urar auna jijjiga a 1943. A farkon shekarun 1960 Donald Bently na Amurka ya fito da wani ɗan tsinke mai auna rawar sandar inji tana cikin juyi ba tare da ya taɓa ta ba. Daga nan aka iya bambance ciwon karkata da ciwon boris tun da sauran makonni.

Amma na'ura ba ta maganin sakaci. Ranar 17 ga Agusta 2009, a tashar lantarki ta Sayano-Shushenskaya a Rasha, wani inji da aka san jijjigarsa ta wuce ƙima ya tumɓuke daga mazauninsa, mutum 75 suka rasu.

To mu me muke jira? Wayar da ke aljihunka ma tana da na'urar auna jijjiga. Ya kamata Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Nuhu Bamalli su kai wannan ilimi ga masu injin niƙa da na ban ruwan inabi a Kudan. Hukuma kuwa, kafin ta sake sa hannu a kwangilar gyara, ta fara tambaya: wa aka ɗora wa alhakin sauraron injin, kuma idan ya ce a kashe, za a kashe?