Damargu: Wane Kaya Za A Ajiye, Wane Za A Fitar?

A garin Tanut, mai tazarar kusan kilomita 150 arewa da Damagaram bisa hanyar Agadas, duk ma'aikacin gwamnatin da takardar canjin wurin aiki ta taɓa iske shi ya san wahalar ranar ɗaurin kaya. Ran nan ne ake jawo akwatunan ƙarfe daga ƙarƙashin gado, a buɗe ɗakin da aka daɗe ba a leƙa ba. Sai ga rediyon da ya shekara goma bai yi magana ba, ga takalmin yaron da yau ya yi gemu, ga tulin takardun da gara ta cinye rabinsu. Mai mota yana ƙofar gida yana jira, kuɗinsa kuwa bisa yawan kaya ne. Abin da aka fi nema, wato takardar haihuwar ƴar auta ko takardar ɗaukar aiki, shi ne ba a gani.

Haka al'amarin yake ga ɗan kasuwa. A kasuwannin Tanut, da Bakin Birji, da Balbeji, mangaza takan cika har bakin ƙofa, alhali kuwa wani sashe na abin da ke ciki kaya ne da suka kwanta: atamfar da yayinta ya wuce, da batirin da ya zuba, da buhun da ƙwari suka huda. Uwar kuɗi tana nan kwance cikin ƙura, mai ita kuwa yana yawon neman bashi.

A ƙasashen Turai, da Amurka, da Japan, wannan matsala ta zama sana'a. Wata ƴar Japan mai suna Marie Kondo ta rubuta littafi kan rage tarkacen gida, aka fassara shi da Turanci a 2014, sa'an nan a 2019 kamfanin Netflix ya nuna shirinta. Dabararta ita ce a bi kaya iri iri, a fara da tufafi, sai littattafai, sai takardu, sai ƙananan tarkace, a ƙare da kayan tunawa, kuma duk abin da bai faranta ran mai shi ba a sallame shi. Masu ƙera manhajar wayar salula su ma sun shiga wannan kasuwa, suna sayar da manhajojin da ke lissafe kayan gida, suna tuna wa mutum ranar kintsa ɗaki.

Yanzu da samarin Nijar ke koyon aikin kwamfuta a Yamai da jami'ar Damagaram, wadda aka kafa a 2010, tambayar ta iso gida: in za a ƙera irin wannan manhaja domin mutanen Damargu, da me za a fara, me za a jinkirta, me kuma za a bari ɗungum?

Kayan raƙumi

Damargu ta daɗe da sanin amsar irin wannan tambaya. Ƙasa ce ta hatsi da ke kan hanyar ayari tsakanin Kano, da Damagaram, da Agadas, inda Abzinawa ke kawo gishirin Bilma su koma da gero. A watan Janairu na 1851, Bajamushen nan Heinrich Barth da abokan tafiyarsa biyu sun iso Damargu tare da ayarin gishiri, a nan ne ma suka rabu da juna. Madugun irin wannan ayari ya san raƙumi yana da iyakar abin da zai ɗauka. Salkar ruwa da guzuri su ne farko, sai hajar ciniki, abin marmari kuwa sai in wuri ya rage.

Mai ƙera manhaja shi ma raƙuminsa ɗaya ne: kuɗinsa kaɗan, lokacinsa ƙayyadadde, wayoyin mutane kuwa ƙanana. Taura biyu ba ta taunuwa. A 1984 wani malamin jami'a a birnin Tokyo mai suna Noriaki Kano, wanda sunansa kawai ya yi kama da na birnin Dabo, ya fito da wani ma'auni da masu masana'antu ke aiki da shi har yau. Muhimman rukunansa uku ne. Akwai abin da in babu shi mai saye zai yi fushi, in akwai shi kuwa ba zai gode ba, kamar birki ga mota. Akwai abin da gwargwadon yawansa gwargwadon jin daɗin mai saye, kamar ƙarancin shan mai. Akwai kuma abin ban sha'awa da ba a zata ba, wanda rashinsa ba ya damun kowa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da na uku.

Abin da ya zama tilas

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami mutum sama da dubu 400 a gundumar Tanut, da kusan dubu 100 a gundumar Balbeji, wadda aka cire daga Tanut a 2011. Akasarinsu manoma ne da makiyaya, masu magana da Hausa, da Tamajak, da Fulatanci, da Barbarci. A faɗin Nijar, cikin manya uku kusan ɗaya ne ke karatu da rubutu, kuma da zarar an bar bakin titi layin waya yakan yi rauni, cajin batir ma sai an biya. Saboda haka tilas na farko shi ne manhajar ta yi aiki ko babu intanet, ta karɓi murya da hoto maimakon dogon rubutu, ta kuma yi magana da harshen gida. An ga amfanin haka a Mali, inda a 2017 aka buɗe wa makiyaya wani tsari mai suna Garbal. Da ƙaramar waya makiyayi ke kira, a gaya masa labarin ruwa, da ciyawa, da farashin kasuwa cikin harshensa.

Tilas na biyu takardu ne. Rigar da ta ɓace ana sayen wata, amma takardar gona, da ta fili, da takardar haihuwar da za a nema ranar jarrabawar yaro, da takardun albashin da za a nema ranar haɗa takardun fansho, rashinsu yakan jawo watanni na zirga-zirga tsakanin magajin gari da kotu. Manhajar da ke ɗaukar hoton kowace takarda, ta kuma riƙe bayanin akwatin da aka sa ta, ta riga ta biya kuɗinta ko da ba ta iya komai ba bayan wannan.

Tilas na uku kayan haɗari ne. A gidaje da yawa ana iske ragowar maganin fara da na ƙwarin wake kusa da buhun abinci, da ƙwayoyin asibiti da wa'adinsu ya wuce a inda yara ke kaiwa, da jarkar fetur a ɗakin kwana lokacin zafin bazara. Waɗannan su ne tarkacen da ke kashe mutum, don haka su ya kamata manhajar ta fara tambaya kafin ta kai ga tsofaffin tufafi.

Ajiya maganin wata rana

Inda dabarar waje ke cin tuntuɓe shi ne wurin kayan ɗaki. Baƙon da ya shiga ɗakin matar aure a Damargu ya ga jeren kwanoni, da tasoshi, da kuloli har kusa da rufi, waɗanda ba a taɓa zuba tuwo cikinsu ba, zai ce tarkace ne. Mai ɗakin ta san ba haka ba ne. Dukiyarta ce da uwa da dangi suka tara mata, da ita za ta yi wa ƴarta jere, ita ce kuma takan fitar ta sayar ranar ciwo ko shekarar yunwa. Mutanen da suka ga farin 1973 da na 1984, suka kuma ga yadda darajar sefa ta faɗi da rabi dare ɗaya a watan Janairu na 1994, ba za a koya musu cewa kuɗi a hannu ya fi kaya a ɗaki ba.

Amma riƙo ma yana da ranar da yake cutarwa. A 2010, lokacin da ciyawa ta ƙare a yankin makiyaya, waɗanda suka jinkirta sayar da dabbobinsu sun kai su kasuwa ƙashi da fata, farashi ya faɗi warwas, har gwamnati da ƙungiyoyin agaji suka riƙa sayen ramammu ana yankawa ana raba nama. Kayan mangaza ma haka suke. Tambayar da ta dace da Damargu ita ce: wannan abu, darajarsa tana tsaye ko tana zubewa? Kwanon da ke jere yana riƙe darajarsa shekara da shekaru, batir da atamfar yayi kuwa kullum raguwa suke yi.

Nan ne rukuni na biyu na ma'aunin Kano ya shigo, wato ƙidaya da farashi. Binciken da Jenny Aker, masaniyar tattalin arziki daga Amurka, ta yi kan kasuwannin Nijar tsakanin 2001 da 2006 ya nuna cewa zuwan wayar salula ya rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Wanda ya san farashi ya san ranar fitarwa. Ƙidayar tana da wani amfanin kuma: a mazhabar Malikiyya, ɗan kasuwa mai juya haja kullum yana ƙiyasta kayansa sau ɗaya a shekara ya fitar da zakka, ɗaya bisa arba'in. Ranar rabon gado ma, rubutaccen lissafi yakan kashe rigimar da ke raba ƴan uwa. Wurin da manhajojin waje suka sa kwandon shara, ta Damargu sai ta sa hanyoyi huɗu: a sayar, a gyara, a ba ɗan uwa, a yi sadaka. Tsohon kwanon alminiyan ma yana da mai saye, domin maƙera suna narkar da shi su zuba tukunya.

Abin da za a bari

Akwai abubuwan da ke ƙawata irin waɗannan manhajoji a waje, kamar baje hoton ɗaki jama'a su gani, da gasar wanda ya fi fitar da kaya. A nan, baje hoton ɗaki daidai yake da nuna wa ɓarawo hanya, ko hura wutar kishi tsakanin kishiyoyi. Akwai kuma batun wanda ke riƙe da wayar. A gidaje da dama waya ɗaya ce, a aljihun maigida take, alhali kayan ɗaki a shari'a mallakar matar ne. Manhajar da ba ta ba kowa lambar sirrinsa ba za ta zama hanyar ƙidaya dukiyar mace ba da yardarta ba, kuma ran da mata suka gane haka kasuwarta ta mutu.

Kafin a rubuta layi ɗaya a kwamfuta, wajibi ne mai wannan niyya ya zauna da ƴan kasuwa a rumfunansu, da malaman makaranta, da ƙungiyoyin mata masu adashi, ya ba su littafi da biro su gwada tsarin har wata guda. Abin da suka ci gaba da rubutawa shi ne tilas, shafin da suka bari fari kuwa ya jira. Maigidan da ba ya son jiran manhaja yana iya farawa yau da wannan littafin: takardu cikin akwatin ƙarfe guda, guba da fetur nesa da ɗakin kwana, mangaza kuma a ƙidaya ta kafin damina ta faɗi, ruwa ya iske buhunan da ke ƙasa. Allah ya sa albarka cikin abin da aka ajiye da abin da aka fitar.