Hanya cikin dutsi

Ruwa yakan yi shekaru dubbai yana huda dutsi kafin ya yi kogo. Mutane kuwa da injuna suke haƙa nasu.

Tsakanin Faransa da Italiya akwai wani babban tsauni, sunansa Mon-Bulan. Ma'aikata suka haƙa shi ta gefe biyu, suka haɗu a tsakiya a shekarar 1962. A 1965 motoci suka fara ratsawa. Tsawon hanyar ya fi kilomita 11.

Amma a 1999 wata babbar mota ta kama wuta can ciki. Hayaƙi ya cika ramin, mutum 39 suka mutu. Sai a 2002 aka sake buɗe hanyar, bayan an ƙara mata ɗakunan tsira da injuna masu zuƙe hayaƙi.