Me Ya Sa Magidantan Biranen Sin Ke Ɗaure Bakin Jakarsu?

Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasar Sin na 2023 sun nuna cewa abin da ke shiga aljihun mazaunin birni a shekara, bayan an cire haraji, ya kai yuan 51,821, amma abin da yake kashewa yuan 32,994 ne kacal. Wato fiye da kashi ɗaya bisa uku yana kwana a ajiya.

Akan ce tsimi da tanadi al'adar Sinawa ce. Akwai ƙamshin gaskiya, sai dai tsoron gobe ya fi ƙarfi a lamarin. A da, ma'aikacin masana'antar gwamnati daga wurin aikinsa yake samun gida, magani, makarantar yara da fansho. A ƙarshen shekarun 1990, zamanin Firaminista Zhu Rongji, aka sallami miliyoyin ma'aikata, a 1998 kuma aka daina rabon gidaje. Daga nan kowa ya koma tashi ta fisshe shi.

Dokar haihuwar ɗa ɗaya, wadda ta yi aiki daga 1980 zuwa 2015, ta ƙara nauyin: mata da miji ne ke ɗauke da tsofaffi huɗu. Ta kuma bar maza sun fi mata yawa. Masana tattalin arziki Wei Shang-Jin da Zhang Xiaobo sun nuna a bincikensu na 2011 cewa iyayen samari na rige-rigen tara kuɗi, domin saurayin da ba shi da muhalli da wuya a ba shi mata. 'Yan ci-rani daga karkara kuwa, tsarin rajistar mazauni na hukou ya tauye musu cin moriyar asibiti da makarantun birni, don haka ajiyarsu ce gatansu.

Mafi yawan dukiyar iyali a gida aka zuba ta. Da kamfanin gina gidaje na Evergrande ya kasa biyan bashi a 2021, darajar gidaje ta fara zubewa, sai jama'a suka ƙara ƙanƙame na hannunsu. A 2022 kaɗai, ajiyar magidanta a bankuna ta ƙaru da yuan tiriliyan 17.8.

Shi ya sa sayayyar iyalai take kusan kashi 40 cikin ɗari na tattalin arzikin Sin, alhali a Amurka ta haura 65. Tun 2024 gwamnati ke ba da tallafin musanya tsohuwar mota ko firji da sabo. Amma magidancin da ke lissafin jinyar uwarsa da auren ɗansa, rangwamen firji ba zai sa ya kwance jaka ba, sai an ƙarfafa fansho da inshorar lafiya.