Harsunan Ƙa'ida na Kwamfuta: Kwatanci Daga Ƙofar Ruwa

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato cikin 1978, noman rani a ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun ya rataya ne ga ƙofofin ruwa, watau yaushe za a buɗe, kuma wa zai fara samu. A ɗauka an ba mai tsaron ƙofa umarni cewa ya saki ruwa idan gonaki sun bushe. To, gonakin wa? Na bakin hanyar ruwa, ko na can ƙarshenta? Mutum zai cike wannan giɓi da hankalinsa. Kwamfuta kuwa ba ta da wannan hankali, kuma magana mai harshen damo a wurinta kan iya zama asarar shinkafar shekara guda.

Saboda irin wannan matsala ne masana suka ƙago harsunan ƙa'ida, waɗanda ake bayyana aikin manhaja da su cikin alamomin lissafi tun kafin a rubuta ta. Sai dai kowanne da tambayar da yake amsawa.

Harshen Z, wanda Jean-Raymond Abrial ya fara cikin 1977 aka kuma raya shi a Jami'ar Oksfod, halin da abu yake ciki ya fi kula da shi. Da shi za a rubuta sharaɗin da ba ya sauyawa, alal misali, ruwan da aka saki kada ya zarce wanda ke tafkin, sannan a nuna cewa buɗewa da rufewa ba su karya shi ba. Ɗan'uwansa VDM, na ɗakin binciken IBM da ke Biyana, kusan tafiyarsu ɗaya. Rauninsu shi ne lokaci. Idan ƙofa biyu kowace ta tsaya jiran ɗaya ta fara, Z ba zai yi saurin tona wannan ba. Nan ne Promela, na Gerard Holzmann, ya yi fice, domin manhajarsa SPIN tana bin duk jerin da abubuwa za su iya aukuwa, ɗaya bayan ɗaya, har ta gano inda aiki zai cije.

Wannan kwatanci ba zato ba ne kurum. A ƙasar Holan akwai shingen Maeslant, wanda aka gama cikin 1997 don kare birnin Rotterdam daga ambaliyar teku. Kwamfuta ce ke yanke shawarar rufe shi, kuma masu tsara manhajar da harsuna biyu suka yi aiki: Z don bayanai, Promela don yadda sassa ke aika wa juna saƙo. Harshe ɗaya bai wadace su ba.

Shi kuwa B, wanda Abrial ɗin ya fito da shi daga baya, ya fi sauran buri. Ana tace bayanin mataki-mataki, ana tabbatar da kowane mataki da hujjar lissafi, har ya zama manhajar kanta. Da shi aka tsara sassan tsaro na layi na 14 na jirgin ƙasan birnin Faris, mai tafiya babu direba, da aka buɗe cikin 1998. Tsadarsa ita ce dubban hujjoji da ƙarancin masu iya su, abin da ƙaramin aikin ban-ruwa da wuya ya ɗauka.