Sauya wa babur baƙin mai zuwa na sintetik: Abin da ya kamata masu babura a yankin Yola su sani

A Damare da sauran unguwanni da ƙauyukan da ke kewaye da Yola da Jimeta, babur da Keke Napep su ne jarin dubban magidanta. Da su ake kai yara makaranta, a ɗauko amfanin gona, a samu na cefane. Tun bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, kayan gyaran inji sun yi tsadar da kwance inji sau ɗaya kan iya cinye abin da mai babur ya daɗe yana tarawa.

Wannan ne ya sa wasu ke tunanin barin baƙin man da suka saba da shi, su koma na sintetik, wanda ya fi tsada amma ake cewa ya fi kare inji. Maganar tana da tushe, sai dai tana da sharuɗɗa, kuma wanda ya yi sauyin a kan rashin sani zai iya jawo wa kansa asarar da yake gudu.

Baƙin mai na gargajiya daga ɗanyen mai ake tace shi, don haka ƙwayoyinsa ba girmansu ɗaya ba, kuma akan samu ragowar sinadaran da ke saurin lalacewa idan sun ji zafi. Shi kuwa na sintetik, ko dai a harhaɗa shi daga sinadarai a masana'anta, ko kuma a yi wa ɗanyen man tacewa mai zurfi har ƙwayoyinsa su daidaita. An yi amfani da irinsa a jiragen saman Jamus lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sannan ya shiga kasuwar motoci a Amurka, inda Mobil 1 ya fito a 1974. Akwai kuma na tsaka-tsaki, wanda gaurayen biyun ne.

Amfaninsa ya fi fitowa a wuri mai zafi, kuma Yola na cikin biranen da suka fi zafi a Najeriya, inda a watannin Maris da Afrilu ma'aunin zafi kan haura digiri 40. Babura irin su Bajaj Boxer da TVS da Jincheng ba su da lagireto; iska da baƙin mai ne kaɗai ke sanyaya injinsu. Idan babur ya ɗauko mutum biyu da buhun masara yana tafiya a hankali cikin rairayi, iskar da ke bugun injin takan ragu, nauyin sanyayawar ya koma kan mai. A irin wannan hali man gargajiya yakan tsinke, ya ƙone, ya bar dauɗa mai kauri a cikin inji. Na sintetik ya fi jure wannan wahala.

Babban haɗarin da ke cikin sauyin yana wajen kuloci ne. A mota, inji da giya da kuloci kowanne da mazauninsa. A yawancin babura kuwa mai guda ne ke wanke su duka, farantan kulocin ma a cikin man suke kwance. Man mota na zamani yakan ƙunshi sinadaran ƙara santsi domin rage shan fetur, kuma idan suka hau farantan kulocin babur sai ya fara zamewa. Alamar ita ce a murɗa totur injin ya yi ƙara, amma gudun bai ƙaru ba. Daga nan sai farantan su ƙone.

Saboda wannan matsala ce hukumar tsara ma'aunan ababen hawa ta Japan, JASO, ta fito da ma'auni na musamman ga man babura a 1998. Man da ke ɗauke da alamar JASO MA ko MA2 ya dace da kulocin da ke cikin mai. Mai alamar MB kuwa na babura ne marasa giyar ƙafa, waɗanda kulocinsu busasshe ne. Saboda haka abin da mai saye zai fara dubawa a jikin roba shi ne 4T da JASO MA ko MA2, kafin ya dubi kalmar sintetik. Man gargajiya mai wannan alama ya fi wa babur alheri a kan man sintetik na mota komai tsadarsa.

Abu na biyu shi ne kauri. Lambobi irin su 20W-50 ko 10W-40 da ake gani a jikin roba suna nuna yadda man ke gudana: ta farko a lokacin sanyi, ta biyu kuma idan inji ya ɗau zafi har digiri 100. Ƙananan babura da yawa a Najeriya 20W-50 suke sha. Komawa sintetik ba dalili ba ne na sauya lambar da kamfani ya rubuta a littafin babur, musamman a yanki mai zafi.

Wasu na ganin da zarar an zuba sintetik za a iya jan dogon lokaci ba a yi juye ba. A nan ma da gyara. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu kan lulluɓe Adamawa, ga kuma hanyoyin ƙauye da ba su da kwalta. Ƙurar da ta tsallake matacin iska a cikin mai take ƙarewa, ta riƙa goge fistin da ringi. Injin ƙaramin babur kimanin lita ɗaya yake ɗauka, kuma da yawansu raga ce kawai ke tace man. Mai zai iya zama da sauran ƙarfinsa amma ya cika da datti. Don haka a bi tazarar juyen da kamfani ya gindaya, a kuma yawaita wanke matacin iska ko sauya shi.

Sauyin kansa ba shi da wuya. A kunna babur ya ɗan ɗumama, a tsiyaye tsohon man tas, a wanke raga, a sauya filta idan akwai, sannan a zuba sabon daidai ma'auni. Ba a buƙatar wanke cikin inji da fetur ko kananzir kamar yadda wasu ke yi, domin ragowarsa na tsinka sabon man. Nau'ukan biyu suna iya haɗuwa, kuma wanda ya ga aljihunsa ba zai ɗauka ba zai iya komawa na gargajiya ba tare da wata illa ba.

A tsohon inji akan ga yoyo bayan sauyin. Galibi sil ɗin ya riga ya tsufa, dauɗa ce ta toshe kafar, sabon man ya wanke ta. Haka kuma injin da ke fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana ƙona mai ne saboda ringi ya cinye. Bakanike yake buƙata, zuba masa mai tsada asarar kuɗi ce. Sabon babur kuwa ya fi dacewa a bar shi da man da kamfani ya tanada har ya wuce juyen farko.

Akwai kuma batun jabu. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ta sha gargaɗi kan baƙin mai maras inganci da ke yawo a kasuwanni, kuma mai tsada ya fi jan hankalin masu cika tsofaffin robobi. Ya kamata a sayi man a gidan mai ko wurin dillalin da aka sani, a duba murfi ba a ɓalle shi ba, a kuma fasa robar bayan an gama da ita.

Ga mai babur da injinsa ke da lafiya, wanda ke wuni a kan hanya da kaya a lokacin bazara, man sintetik na babur mai alamar JASO MA2 zai iya nisanta shi da ranar kwance inji. Wanda kuɗinsa bai kai ba, ya riƙe ingantaccen man gargajiya mai 4T, ya riƙa duba sandar awon mai kowace safiya kafin ya fita, ya kuma yi juye a kan lokaci.